Ni da Surukina a Hanyar Jidda

Shekara uku da aurena, maganata da surukina ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In na je gidansu a unguwar Mansur, cikin Makka, tun daga ƙofa nake cire takalmi, in durƙusa nesa da dardumarsa, in tambayi lafiya, in tambayi aiki. Ya amsa yana kallon wani gefe, ya sa albarka, in tashi. Haka aka koya mini, kuma ga alama haka shi ma yake so. Tela ne. Yana da ɗan shago a wani lungu da mota ba ta shiga, yana ɗinka jallabiya, yana rage wa alhazai tsawon riguna. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara fari, maganarsa kaɗan. In rigima ta haɗa maƙwabta shagonsa ake zuwa, ya saurara ƙafarsa na kan keken ɗinki, ya faɗi kalma biyu, a watse.

Ni a unguwar Hindawiyya aka haife ni, nan cikin Makka. Kakana ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a hanya, ya iso ya zauna. Larabci ya fi zama a bakina. Hausata ta tsakar gida ce, ta aike da cin abinci. Surukina kuwa da girmansa ya zo daga Jos, Hausarsa cikakkiya, don haka ko da babu kunyar surukuta, da na ji nauyin buɗe baki a gabansa.

A lokacin tasi nake ja tsakanin Makka da Jidda, kuma ina da abin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin kujerata.

A garejin da nake kai gyara a Jidda akwai wani makaniki ɗan Filifin, kullum rikodarsa na kan benci tana kiɗa. Ban cika kula ba. Wata rana ina jiran a canja mini birki, sai wata waƙar Turawa ta fara. Jita ce ita kaɗai, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Can sai ganguna suka faɗo, muryar wani namiji ta yi ta hawa, tana hawa, har inda na zaci za ta tsinke, ba ta tsinke ba, jitar ta karɓe ta daga nan ta wuce da ita. Na tashi cikin manyan muryoyin ladanai da limamai, na san abin da maƙogwaron ɗan Adam yake yi wa zuciya. Abin da ban sani ba shi ne katako da waya ma suna iya kuka. Makanikin ya ga shayina ya huce a hannu ban kurɓa ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya cire kaset ɗin ya miƙo mini. Ya ce da guntun Larabcinsa tsofaffin waƙoƙi ne, tun na zamanin babansa.

Daga nan na gano wani shago a tsohuwar kasuwar Jidda, na riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya har suka kai bakwai. Ba na jin Turanci in ban da na ciniki da kwatancen hanya, saboda haka ban san sunan ko waƙa ɗaya ba, ban san me suke cewa ba. In na sauke fasinja a filin jirgi zan dawo babu kowa, sai in rufe gilasai in saka. Duwatsun hanyar nan baƙaƙe da na saba gani tun ina ƙarami sai su koma mini wasu daban. Akwai ta wata mata mai fiyano, murya ƙasa-ƙasa kamar tana yi maka magana kai kaɗai. Akwai wadda maza huɗu ko biyar suke haɗa murya har ka kasa raba ta wani da ta wani. Akwai wadda aka ɗauka a gaban jama'a, mawaƙin ya yi shiru a tsakiya, dubban mutane suka ci gaba da rerawa su kaɗai. Wannan in ta zo nakan rage gudu. Ko matata ba ta san da su ba. A unguwarmu a wancan lokaci, mutumin kirki ba ya yawo da irin wannan a mota.

Sai ciwon ido ya kama surukina. Ya fara kasa zura zare a allura, yana ɓoyewa, har surukata ta lura. Aka ce hawan jinin ido ne, aka tura shi wani asibiti a Jidda, duk bayan mako biyu ranar Talata. Babban ɗansa yana aiki a Madina, sauran 'ya'yan mata ne. Matata ta dube ni, ba ta ma ƙarasa maganar ba na ce to.

Zuwanmu na farko da na biyu, a baya ya zauna da carbinsa. Na kunna tashar karatun Alƙur'ani, muka je muka dawo. In ban da "Allah ya yi albarka" da ya ce da zai sauka, ban ji muryarsa ba.

A na uku, da safen na kai wani fasinja filin jirgi na dawo ina jin kiɗana. Da na shigo gari na danna kaset ɗin ya fito, amma na bar shi a bakin rikodar, ban mayar ƙarƙashin kujera ba. Na ɗauki surukina, muka fito daga cunkoson Mansur. Na kai hannu zan kunna rediyo idona na kan wata bas da ke neman shiga gabana, sai bayan hannuna ya tura kaset ɗin ciki. Kuma da ƙarfi na bar sautin.

Ganguna da jita suka cika motar. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina lalube ba, wataƙila numfashi uku ne, amma kafin in cire shi rigata ta jiƙe a baya. Na kasa duba madubi. Na buɗe baki zan ce wani fasinja ne ya manta da shi, sai na ji ba zan iya ƙara ƙarya a kan abin kunya ba. Muka yi ta tafiya, babu karatu babu kiɗa, sai ƙarar taya. Ina ta lissafin yadda maganar za ta kai ga matata, da kuma ta bakin wa.

Muka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar buɗaɗɗen Alƙur'ani, muka wuce shingen jami'ai. Can gaba kaɗan ya yi gyaran murya.

"Mun fita daga iyakar Harami?"

"Mun fita, Baba."

"To mayar da abin nan."

Na zaci so yake ya ji girman laifin kafin ya yanke hukunci. Na rage sauti na tura kaset ɗin.

"Ƙara kaɗan. Kuma mayar da ita farko."

Waƙar ta fara. Sai a lokacin na saci kallon madubi. Idonsa a rufe, carbin ya koma wuyan hannunsa, yatsunsa biyu na dama suna tafiya a kan gwiwarsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙafafun mai tattaki. Ba tare da ganga suke tafiya ba, ba kuma tare da mawaƙin ba. Wani abu suke bi wanda ni ban ji ba.

Da ta ƙare ya ce, "Rikodarka tana gudu. Ba sosai ba, amma tana gudu. Waƙar nan ba ta kai haka tsini ba."

Na ce, "Baba, kun san ta ne?"

Sai ya ce, "In kana ji, me kake ji?"

Na ce murya, da jita, da ganga.

"Na ƙasan fa?"

Ban gane ba. Ya sa na sake mayarwa. Ya matso ya dafa bayan kujerata, abin da bai taɓa yi ba, ya fara bin wani sauti da maƙogwaronsa, mai kauri, can ƙasa. Ya ce in bar mawaƙin ya yi tafiyarsa, in sa kunne a inda ƙirjina yake amsawa. Na saurara. Sai ga shi. Waƙar da na ji ta fi sau ɗari, ashe akwai wani a cikinta da ban taɓa sanin yana nan ba, yana tafiya a ƙarƙashin kowa, yana hawa yana sauka, duk sauran a kansa suke tsaye. Kamar ka shekara a gida sannan a nuna maka wata ƙofa a ɗakin da kake kwana. Tsigar jikina ta tashi, har na ɗan kauce daga layina wata babbar mota ta yi mini oda.

"Kalli hanya," in ji shi. Ya koma ya jingina. "Jita ce mai tsirkiya huɗu. Bes ake ce mata. Ita na kaɗa shekara bakwai."

A dawowa ma mun ji, har muka hango alamar iyaka. Tun kafin mu kai ya ce, "Kashe." Ya zare carbinsa daga wuyan hannu. Haka muka riƙa yi daga ranar. Bai taɓa yi mini wa'azi a kai ba, bai kuma taɓa cewa abin da muke yi daidai ne ba. Sau ɗaya kawai ya ce malamai sun yi maganganu a kan kiɗa, shi ba malami ba ne, amma ya san garin da yake zaune, kuma baƙo ba ya miƙe ƙafa a falon mai gida.

Labarin a gutsure ya riƙa zuwa, Talata bayan Talata, kullum tsakanin iyaka da Jidda. Daga tafiya ta biyar ya dawo kujerar gaba, ya ce baya tana sa shi jiri.

Mahaifinsa mahauci ne a Jos. Shi kuma yana saurayi aka kai shi koyon ɗinki wurin wani mutumin Gana, wanda yake da tsohuwar jita a rataye a bayan ƙofa. Da rana ɗinki, in mai shagon ya fita cin abinci sai jita. Da mutumin ya kama shi, maimakon duka sai ya gyara masa riƙo. Daga baya suka haɗu su biyar: shi, da mai ganga ɗan Shendam, da wasu 'yan'uwa biyu Inyamurai masu jita, da mawaƙinsu, wani malamin firamare wanda shi kaɗai yake jin Turanci sosai. Wani otal ya ɗauke su suna yi duk ƙarshen mako. Ma'aikatan kuza, da na jirgin ƙasa, da malaman asibiti, kowa ya zo da abin da ya ji a rediyo yana so a kaɗa masa.

Na tambaye shi wa yake koya musu waƙoƙin.

"Faifai," ya ce. "In sabo ya shigo gari mu aro shi kwana biyu. Mu kewaye garmaho, kowa ya sa kunne a kan nasa. A ɗaga allura, a mayar, a ɗaga, a mayar. Wani wurin sai mun ji shi sau talatin. Nawa ya fi wuya, domin garmahon ƙarami ne, ba ya fitar da na ƙasa. Sai in kwantar da kunnena a jikin katakon teburin, ta nan nake jin sa."

Ya ce akwai wata waƙa da ta ba shi wuya har mako uku. Ya rantse mutum ɗaya ba zai iya kaɗa abin da yake ji ba, sai dai in mutum biyu ne. Ranar da hannunsa ya faɗa kanta, ya gane mutum ɗaya ne, kuma abin ma ba shi da yawa, wurin da mutumin yake yin shiru ne ya sa ake jin kamar su biyu ne. Ya ce ya ajiye jitar ya fita waje cikin sanyin Jos ya daɗe a tsaye. Wani bawan Allah a wata ƙasa da ba zai taɓa zuwa ba, bai san da shi ba, ga shi ya koya masa abu hannu da hannu.

Waƙar tana cikin kaset ɗina na huɗu. Da ta zo ya ɗaga yatsa, ya ce, "Nan. Ji inda ya bari." Na ji. Har yau in ta zo mini a waya ina jin wurin, kuma har yau ina riƙe numfashi.

Hausar da nake rubutu da ita yanzu, rabinta a motar nan na koye ta. In na saka Larabci a tsakiyar magana ba ya gyara mini, sai ya maimaita abin da na faɗa da Hausa kamar yana tabbatarwa, ya ci gaba.

Sai da muka yi wata huɗu na iya tambayarsa abin da ya raba shi da kiɗa. Ya ce mahaifinsa ya rasu ba sa ga maciji, shekara uku ba ya amsa gaisuwarsa. Bayan rasuwar uban, mahaifiyarsa ta samu kujerar Hajji, aka ce shi zai raka ta. Da suka gama ɗawafin bankwana ta riƙe hannunsa ta ce abu ɗaya take roƙo, kada ya ƙara cin abinci da kiɗa. Ya ce to. Ya san in ya koma Jos abokansa suna jiransa, kuma ba zai iya ce musu a'a ba. Ya sa ta a jirgi tare da 'yan garinsu, shi ya zauna. Wani tela a Mansur ya ɗauke shi, daga baya ya samu takardar zama, ya aika aka kawo masa matarsa.

"Ba ta ce kada in taɓa ba," ya ce. "Ni na ƙara wa kaina wannan. Na ga in na taɓa sau ɗaya ban san inda zan tsaya ba."

Wata Talata ya daɗe a wurin likita fiye da kullum. Ya fito da baƙin tabarau, domin an ɗiga masa maganin da haske yake damun mutum bayansa. Muka shiga mota, bai ce in tayar ba. Ya ce likita ya gaya masa gaskiya: abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake yi, magani jinkirta shi kawai yake yi. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Ya ce amin. Sai ya juyo wajena.

"Ɗana, a garin nan ana sayar da kayan kiɗa?"

Na san wani shago a wani babban titi, na sha wucewa ina leƙen gilashinsa, ban taɓa shiga ba.

"Ba saye zan yi ba," ya ce. "Gani nake so in yi tun ana gani."

Mai tsaron shagon wani ɗan Sudan ne mai ƙiba, yana cin gyaɗa a bayan kanta. Ya ga dattijo da farar jallabiya da hula da baƙin tabarau, na riƙe masa gwiwar hannu, sai ya zaci jika muka zo saya wa abin wasa. Ya fara nuna mana ƙananan fiyano na yara. Surukina bai ko juya ba. Ya bi jikin bango a hankali, fuskarsa dab da kayan da aka rataye, har ya tsaya a gaban wata doguwar jita, ja mai duhu. Ya cire tabaran, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya shafi wuyanta.

Ɗan Sudan ɗin ya daina tauna. Ina jin yadda aka shafa ɗin ne ya gaya masa wani abu. Ya zagayo ya sauke ta, ya jawo kujera, ya jona waya a akwatin sauti, ya ce, "Tafaddal, ya Hajj," wato bismilla Alhaji.

Surukina ya tsaya kamar ba zai zauna ba. Ni dai na kawar da kai ina kallon titi, don kada kallona ya zame masa nauyi ta kowane ɓangare. Sai na ji ƙarar kujera.

Ya naɗe hannun riga. Ya taɓa tsirkiya ta farko, ya murɗa abin ɗaurinta, ya taɓa ta biyu, ya murɗa, duk da kunne. Ya fara. Abin bai fito ba. Yatsun suna tuntuɓe, wata tsirkiyar ta yi ƙara mara daɗi. Ya tsaya ya murza hannunsa na hagu, ya ce da Hausa, ba da kowa ba, "Almakashi ya cinye hannun." Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Zuciyata ta karye, na yi nadamar kawo shi.

A na uku ya rufe ido, ya rage sauri, ya fara da ƙwayar sauti huɗu kawai yana maimaitawa. Ya yi ta maimaitawa har suka zauna. Sannan ƙafarsa ta dama, wadda na saba gani a kan keken ɗinki, ta fara taka ƙasa. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Sautin ya cika shagon daga ƙasa, na ji shi a tafin ƙafata kafin in ji shi a kunne, gilashin kantar yana ɗan rawa. Na gane waƙar, ta kaset na huɗu ce, amma babu murya, babu ganga, babu kowa sai shi, kuma ba a rasa komai ba. Inda mutumin can yake yin shiru, shi ma ya yi shiru, shagon gaba ɗaya ya rataye a wurin, sannan ya dawo.

Ɗan Sudan ɗin ya lallaɓa ya ɗauko wata jita ya jona. Bai tambayi wace waƙa ba ce, ya saurara kaɗan ya shiga. Surukina ya karkata kai wajensa ba tare da ya buɗe ido ba, ya ɗan buɗa masa hanya, suka tafi tare. Suka fita daga wannan waƙar suka shiga wata, daga ita zuwa wata da ban taɓa ji ba, mai tsalle, wadda daga baya ya ce mini tasu ce, su biyar suka haɗa ta. Wasu samari biyu da suka shigo sayen wani abu suka tsaya a bakin ƙofa, ɗayan hannunsa na kan mariƙin bai saki ba. Ni kuwa ina tsaye ina kallon uban matata, mutumin da nake durƙusa wa daga nesa, kafaɗunsa suna motsi a cikin jallabiya, yatsunsa suna gudu a kan abin da rabonsa da shi tun kafin a haifi matata. Na ji tsoro-tsoro, irin wanda mutum yake ji in ya tsaya a gindin babban dutse. Duk shekarun nan wannan yana cikinsa, yana zaune da shi a lungu yana rage tsawon riguna.

Ban san minti nawa aka yi ba. Masallacin bayan titin ya ɗaga kiran la'asar. Kafin ladan ya ƙarasa kabbarar farko surukina ya kwantar da tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin, sautin ya ɗauke. Ya amsa kiran a hankali har ƙarshe, jitar na kan cinyarsa. Sannan ya miƙa ta da hannu biyu, ya yi godiya. Ɗan Sudan ɗin ya sunkuya ya sumbaci goshinsa, ya tambaye shi a ina yake kaɗawa. Surukina ya ce shi tela ne. Mutumin ya ja ƙofar shagonsa ya kulle, muka tafi masallaci mu uku, muka tsaya a sahu ɗaya.

A mota na ga kan yatsunsa biyu sun tashi sun yi ruwa. Na kai hannu ƙarƙashin kujera, ya girgiza kai.

"Bari wannan ya zauna tukuna."

Na mayar da hannuna kan sitiyari, muka kama hanyar Makka.

Ba mu sake komawa shagon ba, bai kuma sake tambaya ba. Bayan wata biyu aka mayar da ganin likitansa wani asibiti a cikin Makka, tafiyar Talata ta ƙare. Muka koma yadda muke: in cire takalmi a ƙofa, in durƙusa, in gaishe shi. Sai dai yanzu yana juyo da fuskarsa wajena, yana kuma riƙe ni da hira har surukata ta fara mamaki. Ganin ya ci gaba da raguwa, ya bar shagon, ya koma zama a gida, jikoki suna yi masa jagora zuwa masallaci. Ya ƙara shekara takwas. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Sai da surukata ta fita takaba na gaya wa matata labarin. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in ji tsoron Allah, Baba ne fa. Na ce ta tambayi Inna. Ta ce ita ba za ta iya kai wannan magana gaban Inna ba. Kwana uku tana juya abin, ran na huɗu ta sa mayafi ta tafi Mansur.

Ta dawo kafin la'asar da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafin ba. Ta ce Inna dariya ta yi har da hawaye, ta ce ai a wurin kiɗan nan na Jos ta fara ganinsa. Tana budurwa tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin katangar otal ɗin, ita da ƙawayenta, suna leƙe ta ramukan bulo. Ƙawayen duk mawaƙin suke kallo. Ita kuwa dogon nan na gefe, wanda ba ya motsi, ba ya kallon kowa, shi ta zaɓa. Kuma Inna ta ce ranar da ya dawo daga Jidda da yatsu a kumbure ya ce mata ƙofar mota ce, ta shafa masa man kaɗanya, ba ta ce komai ba, domin ta san irin wannan kumburin tun tana amarya.

Matata ta warware ɗankwalin. Hoto ne marar launi, gefensa ya cinye. Samari biyar a gaban wani labule, wanduna masu faɗin ƙafa, riguna matsattsu, suma tuli a ka. Na ƙarshe a hagu ya fi kowa tsawo, jitar ta sauko masa har cinya, ya ɗan sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Matata ta kai hoton kusa da taga. Ta daɗe. Ta ce yatsun ƙaramin ɗanmu ne sak, ba ta taɓa lura ba.

Inna ta ce aro ne, a mayar mata kafin magariba, domin a ƙasan akwatinta yake kwana. Matata ta sake naɗe shi yadda aka ba ta, na ɗauko makullin mota na kai ta.